Tuƙin Jirgin Sama a Kwamfuta: Abin da Matashi Zai Duba Kafin Ya Zaɓi Manhaja

Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ita ce wadda ke mayar da kwamfuta ko waya ɗakin matuƙi. Tana lissafa nauyin jirgi da ƙarfin injinsa da yadda iska ke ratsa fukafukansa, sannan ta zana sakamakon a allo, hoto bayan hoto, da saurin da ido zai ɗauka motsi ne. Tun 1982 kamfanin Microsoft ya fara sayar da tasa, yau kuwa irinsu sun yi yawa, wasu na kuɗi, wasu kyauta. Sha'awarsu ta iso Karaye da Rogo ta hanyar bidiyon da matasa ke kallo a waya, kuma sha'awa ce mai tushe a wannan ƙasa. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a watan Nuwamba na 1925, kuma kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa a Zariya a 1964 ba ta da nisa da Rogo. Ɗa ko 'yar da zuciyarsu ta karkata can ba su yi kuskure ba. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen zaɓe.

An sha ganin yadda abin ke faruwa. Matashi ya ga bidiyon jirgi yana keta gajimare a kan Dubai, komai tsaf, sai ya tara ɗan abin da ya samu a noman rani ko a shagon caji, ya hau mota zuwa Kano, ya sayo kwamfuta ta hannu a Beirut Road. Ya dawo gida ya ƙona data ta kwana da kwanaki yana sauke manhajar da ya gani. Da ya kunna, sai jirgi ya riƙa tafiya yana cijewa, fanka tana kuka, kwamfuta ta yi zafi, can ta mutu. Bayan mako biyu ya haƙura, yana ganin ko an cuce shi ne, ko kuwa abin ya fi ƙarfin kansa. Ba ko ɗaya. Bidiyon da ya gani an ɗauke shi ne a kwamfutar da ta ninka tasa kuɗi sau da yawa, a ɗaki mai sanyi, da intanet marar yankewa, kuma mai bidiyon ya yanke wuraren da hoton ya sarƙe kafin ya ɗora. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda bai riga ya kashe kuɗinsa ba yana da damar ya tsaya ya fahimci abin da ake aunawa.

Ma'aunin farko shi ne yawan hotunan da kwamfuta ke zanawa a daƙiƙa ɗaya, wanda manhajojin ke nunawa a gefen allo da haruffan FPS. Fim ɗin sinima yana tafiya ne a kan hoto 24 a daƙiƙa. A tuƙin jirgi, 30 ya wadatar, 60 ya fi daɗin ido, ƙasa da 20 kuwa wahala ce. Da yake lambar tana da sauƙin karantawa, ita matasa suka fi riƙewa, har ana alfahari da ita a majalisa. Amma lambar matsakaici ce, kuma matsakaici yana ɓoye aibi.

Abin da hannu da ido ke ji shi ne tazarar da ke tsakanin hoto da hoto. Idan kwamfuta tana ba da 30 daidai wa daida, kowane hoto yana zuwa ne bayan kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa, ba gaba ba baya. Wata kwamfutar kuma tana iya nuna 60 a allo, amma duk bayan ɗan lokaci hoto ɗaya ya maƙale na rubu'in daƙiƙa kafin na gaba ya zo. A lissafi ta biyun ce ta yi nasara, a wajen tuƙi kuwa ta farkon ce. Manomin da ke ban ruwa a bakin madatsar Challawa ya san wannan: ƙaramin injin da ke turo ruwa bai ɗaya ya fi babban da ke feso shi da ƙarfi yana tari yana ɗaukewa. Saboda haka masu gwajin da suka san aikinsu ba sa tsayawa a matsakaici. Suna duba kashi ɗaya cikin ɗari na hotunan da suka fi jinkiri, domin a nan ne gaskiyar manhaja take fitowa.

Dalilin da ya sa wannan ya fi muhimmanci a jirgi shi ne sauka. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana tunkarar titi da gudun kusan kilomita 120 a awa, wato mita 33 a daƙiƙa. Boeing 737 ya haura ninki biyu na haka. Idan hoto ya ƙame na rabin daƙiƙa a daidai lokacin da matuƙi ke ɗaga hancin jirgi don tayoyi su taɓa ƙasa a hankali, ƙaramin jirgin ya ci mita 16 ba tare da an gan shi ba, babban kuma ya ci fiye da 30. Hannu zai gyara abin da ya riga ya wuce, ya wuce gona da iri, ya sake gyarawa. Kuma abin takaici, kusa da filin jirgi ne kwamfuta ta fi shan nauyi, saboda gine-gine da fitilu da sauran jirage duk a nan suka taru. Mai koyo a irin wannan hali yana koya wa hannunsa fizga ne, alhali tuƙin jirgi aikin lallaɓawa ne.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo. Kusan duk manhajojin suna ba da damar a ƙayyade yawan hotunan. Yawancin allunan kwamfuta suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, don haka idan aka kulle manhaja a kan 30, kowane hoto zai zauna sau biyu daidai, motsi ya tafi sumul, kwamfutar kuma ta samu sararin numfashi, zafinta ya ragu. Matashi kan ji kamar ya yi asara idan ya rage lambar da hannunsa. Ya gwada na kwana uku kafin ya yanke hukunci.

Kafin a zo kan manhajojin, ya kamata a san sassan kwamfutar da ke ɗaukar nauyin. Furosesa ita ke lissafin tashin jirgi da na'urorin cikinsa da wurin da kowane gini da mota za su tsaya. Katin hoto shi ke zana gajimare da inuwa da hasken rana. RAM ita ke riƙe abin da ake aiki da shi a lokacin, idan ta cika sai kwamfuta ta koma ɗebowa daga faifai, a nan ne cijewa ke farawa, musamman idan faifan tsoho ne mai juyawa ba SSD ba. Mai sayarwa a kasuwa yakan ce “Core i7 ce”, sai mai saye ya ji hankalinsa ya kwanta. Sunan kaɗai bai isa ba, domin i7 ta shekara goma da suka wuce tana bayan i5 ta kwanan nan, kuma yawancin kwamfutocin ofis da ake kawowa na hannu ba su da katin hoto mai zaman kansa ko kaɗan. Akwai gwaji mai sauƙi na gane inda matsala take. A rage girman hoton allo sosai, a duba lambar. Idan ta tashi, katin hoto ne ya gaza, sai a rage gajimare da inuwa. Idan ba ta motsa ba, furosesa ce ta gaji, sai a rage yawan gine-gine da zirga-zirgar jirage da nisan da ake zana ƙasa dalla-dalla. Wanda bai san wannan ba yakan kashe duk kyan hoton, abin bai gyaru ba, saboda ya ba da magani inda ba ciwo.

A cikin manhajojin, wadda ta fi jan ido ita ce Microsoft Flight Simulator, wadda kamfanin Asobo na Faransa ya gina, ta fito a watan Agusta na 2020. Ta zana duniya baki ɗaya daga hotunan tauraron ɗan'adam, har mutum yana iya tashi daga Kano ya gane hanyoyi da koguna. Farashin wannan kyau shi ne nauyi. Saukar da ita ya haura gigabait 100, kuma tana ci gaba da janyo hoton ƙasa daga intanet yayin da ake tuƙi. Wadda ta biyo bayanta a watan Nuwamba na 2024 ta rage abin da ake ajiyewa a kwamfuta ta ƙara dogara ga intanet, har kamfanin ya ce mafi ƙarancin abin da take buƙata shi ne RAM gigabait 16 da intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa. A ranar da ta fito, mutane da yawa a Turai da Amurka sun kasa shiga saboda cunkoso, duk da ƙarfin intanet ɗinsu. Ga mai zaune a Karaye ko Rogo, wanda intanet ɗinsa na waya ne, yana ƙarfi da asuba ya yi rauni da yamma, ma'anar wannan a fili take: sumul ɗin tafiyar jirginsa ya rataya ne a kan abin da ba ya hannunsa. Idan sabis ya yi ƙasa, ƙasar da ke ƙarƙashin jirgi sai ta dusashe, gine-gine su riƙa ɓullowa a makare. Ta 2020 tana da sassauci, domin ana iya kashe janyo hoton a tuƙa ba intanet, sai dai rabin kyan da aka saye ta dominsa ya tafi. Duk wanda zai yi amfani da ita ya nemi wurin da ake ƙayyade yawan datar da za ta ci, ya saita shi tun ranar farko.

X-Plane ta kamfanin Laminar Research, wadda Austin Meyer ya fara a 1995, ta bi wata hanya dabam. Tana raba fiffike gida-gida ta lissafa ƙarfin iska a kan kowane yanki, shi ya sa masu koyon tuƙi da yawa ke yaba yadda ƙananan jirage ke amsa hannu a cikinta. Ƙasarta ba ta kai ta Microsoft kyau ba, amma tana zaune a faifan kwamfuta, kuma mai saukewa yana zaɓar yankin duniyar da yake so. Wanda ya ɗauki Afirka ta Yamma kaɗai ya tsira da datarsa. X-Plane 11 ta samu gyara babba a 2020 da ya rage mata cijewa, X-Plane 12 ta fito a ƙarshen 2022 da yanayi mafi kyau da nauyi mafi yawa, don haka ga matsakaiciyar kwamfuta ta 11 ta fi dacewa. Tana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani: idan hotuna suka yi ƙasa da 20 a daƙiƙa, sai ta rage gudun lokaci kansa don lissafinta kada ya rikice, jirgi ya riƙa tafiya a hankali fiye da yadda agogo ke nunawa. Babban alherinta ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne gwajin kyauta na minti 15 a kowane tashi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a nan ana gwadawa kafin a biya.

FlightGear kyauta ce gaba ɗaya, masu sa kai ne ke gina ta tun ƙarshen shekarun 1990, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Matasa kan raina ta saboda hotonta bai kai na bidiyo ba. Rainin bai dace ba. Na'urorin cikin Cessna 172 ɗinta suna aiki yadda ya kamata, ana iya rage saitinta har ƙaramar kwamfuta ta ɗauka, kuma duk abin da malami zai tambayi ɗalibi a watannin farko yana cikinta. Ga ɗalibin sakandare da bai da kuɗin kashewa, a nan ya kamata ya fara.

Tsohuwar Flight Simulator X ta 2006 har yanzu tana yawo a faifan masu gyaran kwamfuta. Tana tashi a tsofaffin na'urori, amma an gina ta ne a zamanin da manhaja ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4, don haka idan aka cika ta da ƙarin jirage da filaye sai ta rufe kanta ana tsakiyar tafiya, komai girman kwamfutar. Prepar3D ta kamfanin Lockheed Martin daga wannan tushe ta fito, an yi ta ne don horo. Aerofly ta Jamus ta yi suna wajen saurin buɗewa da tafiya sumul, sai dai Afirka ba ta samu kulawa a cikinta kamar Turai da Amurka ba. DCS World ta jiragen yaƙi ce, mai nauyi, kuma hanyarta dabam da ta mai son tuƙa fasinja.

Waya ma ba abin rainawa ba ce, tunda ita ce a hannun mafi yawa. Infinite Flight da X-Plane ta waya suna koyar da karanta na'urori da bin tsarin tashi da sauka. Matsalarsu zafi ne: waya kan fara da kyau, bayan minti goma ta rage gudun kanta. A cire mata riga, a rage hasken allo, kuma kada a tuƙa tana kan caji.

Wanda zai kwatanta manhaja biyu ya yi musu adalci. Jirgi iri ɗaya, fili ɗaya, yanayi ɗaya, lokaci ɗaya na yini, girman hoto ɗaya. Gwada Cessna a sararin sama fayau a wannan, sannan a gwada babban jirgi cikin hadari a waccan, ba kwatanci ba ne. Wurin gwajin ma yana da tasiri. Sararin Karaye gonaki ne da ƙauyuka, ba ya wahalar da kwamfuta, amma Landan ko New York suna iya raba lambar biyu. Don haka a gwada a filin Malam Aminu Kano inda za a fi yawan tashi, a kuma gwada a babban birni don a san iyakar na'urar. Sannan a bar gwajin ya kai rabin awa. Minti biyar na farko ba sa faɗin gaskiya, saboda kwamfutar ba ta riga ta yi zafi ba.

Zafi kuwa shi ne abin da masu gwaji na ƙasashen sanyi ba sa sakawa a lissafi, alhali a nan shi ne kan gaba. Furosesa da katin hoto suna da kariya a jikinsu: idan zafi ya kai wani mataki sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40 kuma ɗakin kwano ya fi haka, kwamfutar da ke ba da 40 da asuba tana iya komawa 20 da azahar ba tare da an taɓa komai ba. Hunturu kuma yana cusa ƙura a fanka da ramukan iska har su toshe. An ga matasa suna sauya manhaja bayan manhaja suna neman wadda ba ta cijewa, alhali abin da kwamfutar ke buƙata shi ne a buɗe ta a kakkaɓe, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, a ɗaga ta daga kan katifa zuwa tebur. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin bai kai kuɗin data na mako ɗaya ba.

Wuta ma haka. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana rage ƙarfinta da zarar an zare ta daga caji, don haka gwajin da aka yi a kan batir ba ya nuna iyawarta. Babbar kwamfutar tebur mai katin hoto tana iya jan wat 300 zuwa 500, ƙaramar tafi-da-gidanka kuwa 45 zuwa 65. Mai dogara da sola ko ƙaramin janareta ya yi wannan lissafi kafin saye, kada ya kawo gida abin da ba zai iya kunnawa ba sai an kawo wuta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai jarabar da ke zuwa da sauƙi: a ba da ɗan kuɗi a loda wa mutum manhajar da aka fasa makullinta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin wannan ba ta karɓar gyaran da kamfani ke fitarwa, wanda sau da yawa shi ne ke magance cijewar, kuma takan zo da ɓoyayyiyar cuta mai cin ƙarfin kwamfuta ko satar bayanan banki. Ban da haka haƙƙin wasu ne, kuma tunda ga ta kyauta ta halal, uzuri ya ƙare. Kuɗin da aka tanada ya fi amfani a kan sandar tuƙi, ko da mai araha ce. Tuƙi da maɓallan kwamfuta fizga ne zalla, kuma sanda a kan FlightGear ta fi koyarwa a kan maɓalli a manhaja mafi tsada.

Da zarar an samu tafiya sumul, sai a yi amfani da ita wajen koyo. A tashi daga Kano a ƙaramin jirgi, a nufi yamma ana ɗan karkata kudu har a hango ruwan madatsar Challawa, a juya kudu ta kan Rogo, a sauka a Zariya, ana riƙe tsayi ɗaya da gudu ɗaya, ana duba taswira da agogo. A sake yin tafiyar cikin hazon hunturu, irin wanda ke hana jirage na gaske sauka a Kano, don a ga dalilin da ya sa matuƙi ke dogara da na'urorinsa. Malaman tuƙi sun lura cewa waɗanda suka taso da kwamfuta sukan kafe ido a kan na'urori su manta da leƙa waje, don haka a saba da kallon sararin gaba tun yanzu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kuma yanka wa abin lokaci, kada ya ci sallah ko karatu ko aikin gida.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sa'o'in da aka yi a kwamfutar gida ba sa shiga lissafin lasisi, kuma kujerar ɗaki ba ta koyar da abin da jiki ke ji idan jirgi ya karkata ko iska ta girgiza shi. Lasisi yana hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, bayan horo a makarantar da ta amince da ita da gwajin lafiya, musamman na ido da kunne da zuciya. Ƙofar a buɗe take ga mace da namiji: Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a Zariya ta yi karatu, daga baya ta shugabanci kwalejin. Ɗa ko 'yar da ke son bin wannan hanya daga Karaye ko Rogo su riƙe Turanci da Lissafi da Fiziks da kyau tun daga aji huɗu na sakandare, domin sakamakon waɗannan darussa ake fara tambaya a Zariya.